Idan Ƙashin Yaro Ya Yawaita Karyewa: Nasiha ga Matasan Katsina

Maganata ta yau a kan wani ciwo ce da yawancinku ba ku taɓa jin sunansa ba, amma ba mamaki kun taɓa jin labarin mai shi. A cikin birnin nan, ko a Ƙofar Soro ne ko a Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa, akan sami gidan da ake cewa suna da wani yaro da ba a fita da shi. Tun yana jariri ana yi masa wanka cinyarsa ta karye. Aka kai shi wurin mai ɗori, ta kama. Kafin a yaye shi hannu ya bi. Ya fara rarrafe, ɗaya ƙafar ta tafi. Daga nan sai bakin mutane ya buɗe. Wannan ta ce ɗan ruwa ne, waccan ta ce mayya ce ta kama masa kurwa, wani ya ce ai uwar ce ta riƙa yawon almuru tana da cikinsa, wani kuma ya nuna ɗakin kishiya da haɓa. A haka shekaru ke wucewa, an sayar da awaki, an sha rubutu, an yi turare, ba wanda ya faɗa wa iyayen sunan abin da ke damun ɗansu.

Na zaɓe ku da wannan magana ne saboda dalili biyu. Ku ne masu aure gobe, kuma ku ne ake miƙa wa takardar asibiti a gida a ce, "Kai da ka yi boko, karanta mana." Wanda ake ba takarda ya karanta, nauyi ne a kansa ya san abin da yake karantawa.

A jikin ɗan Adam akwai wani sinadari na furotin da ake kira kolajin. Shi ne furotin mafi yawa a jiki, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan furotin ɗin da ke jikinmu. Yana cikin fata da jijiyoyin gaɓɓai da haƙora da farin ido, kuma shi ne saƙar da ƙashi ke ginuwa a kanta. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin magina suna kwaɓa ƙasar tubali ya ga yadda suke zuba ciyawa a ciki suna tattakewa. Ƙasa ce ke ba tubali nauyi da tauri, ciyawa ce ke riƙe shi kada ya tsage. A ƙashi, kalsiyam ne ƙasar, kolajin ne ciyawar. Akwai yaran da ake haifa jikinsu yana yin rabin kolajin da ya kamata, ko kuma yana yin sa a gurguje, marar inganci. Ƙashinsu ga shi nan da tauri, amma ƙaramin abu ke karya shi: tuntuɓe, juyi a kan gado, a masu tsanani har atishawa. Kada ku ji an ce furotin ku ɗauka rashin nama da ƙwai ne ya kawo. Jiki da kansa yake ƙera kolajin, bisa umarnin da ke rubuce a cikin ƙwayoyin gado, kuma a cikin umarnin aka sami kuskure. Ko da madara ake yi wa yaron wanka, ba zai sauya wannan rubutu ba.

Likitoci suna kiran ciwon ostiyojenesis imfafekta, a takardunsu kuma za ku ga sun taƙaita shi da OI. An daɗe da saninsa. A 1788 wani likita ɗan Suwidin, Olof Ekman, ya yi rubutu a kan wani iyali da karaya ke bin su daga kakanni zuwa jikoki. A 1849 Willem Vrolik na ƙasar Holan ya fitar da sunan da ake amfani da shi har yau. Ana ƙiyasta cewa yana samun jariri ɗaya cikin 15,000 zuwa 20,000. Kamar ba yawa, amma ƙidayar 2006 ta ba jiharmu mutum miliyan 5.8, kuma ko da wannan tsohon adadi aka yi lissafi, maganar ɗaruruwan mutane ake yi.

Ciwon ba ɗaya ba ne a kan kowa. A 1979 David Sillence, likita a Ostareliya, ya kasa shi gida huɗu. Na farko shi ne mafi yawa kuma mafi sauƙi: yaro yana karaya jefi-jefi, yana warkewa, yana tafiya da ƙafarsa, kuma karayar takan ragu bayan balaga. Na biyu shi ne mafi tsanani, jariri kan karye tun yana ciki, haƙarƙarinsa ba ya iya ɗaukar numfashi, yawanci ba ya daɗewa bayan haihuwa. Na uku yaro kan rayu, amma da karaya masu yawa, ƙafafu da hannuwa su lanƙwashe, baya ya karkace, ya zama gajere ƙwarai. Na huɗu yana tsakani. Akwai alamun da ido ke iya gani ba sai da na'ura ba. Ku dubi farin idon yaron da rana: a wajen da yawa daga cikinsu yana yin shuɗi-shuɗi ko toka-toka, domin fatar idon ta yi siriri har launin da ke ƙarƙashi yana lekowa. Haƙora kan yi ruwan ƙasa, su riƙa gutsurewa. Gaɓɓai kan yi laushi fiye da ƙima. Wasu kuma jinsu kan fara raguwa tun suna samari. Abin da ciwon ba ya taɓawa shi ne hankali. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yanzu sai maganar gado, wadda ita ce ta fi shafar ku. Mafi yawan masu OI kuskuren yana cikin ɗaya daga ƙwayoyin gado biyu masu ƙera kolajin, waɗanda masana ke rubutawa COL1A1 da COL1A2. A wannan hanya, ƙwaya ɗaya mai kuskure ta isa ta kawo ciwon. Idan uba ko uwa na da shi, kowane ciki yana iya zuwa da shi ko ya tsira, rabi da rabi. Wani lokaci kuma babu mai shi a dangin uba ko na uwa, kuskuren sabo ne, ya faru ne a lokacin da aka sami cikin. Ba abin da uwa ta ci ko ta ƙi ci, ba inda ta taka.

Akwai hanya ta biyu, wadda ku kun riga kun san irinta ta dalilin sikila. Uba lafiyayye, uwa lafiyayya, amma kowannensu yana ɗauke da ƙwaya ɗaya mai kuskure a ɓoye. Idan ɗa ya gaji ta uba ya gaji ta uwa, ciwo ya bayyana, kuma a kowane ciki yiwuwar hakan ɗaya ce cikin huɗu. A nan ne abin ya zo ƙofar gidanmu. A 2012 wasu masu bincike a Amurka, cikinsu har da Wayne Cabral da Joan Marini, sun wallafa sakamakon nazari a kan wata ƙwayar gado mai suna LEPRE1. Aikinta ƙera wani furotin da ke taimaka wa kolajin ya naɗu yadda ya kamata, kuma jaririn da aka haifa ba shi da wannan furotin yana zuwa da nau'i mai tsananin gaske, yawanci ba ya rayuwa. Sun gano cewa kusan kashi 1.5 cikin 100 na 'yan Najeriya da Gana da suka gwada suna ɗauke da kuskure iri ɗaya a wannan ƙwaya, wato kusan mutum ɗaya cikin 67, kuma a Afirka ta Yamma kuskuren ya samo asali shekaru ɗaruruwa da suka wuce. A wannan nau'i farin idon jariri fari ne tas, don haka rashin shuɗin ido ba ya kore ciwon. Sau nawa muka ji an ce wance ta haifi jariri "ba ƙashi a jikinsa", ya koma kafin suna, aka binne aka yi shiru?

Dole in taɓo auren zumunci, kuma zan taɓo shi da ladabi, domin yawancinmu 'ya'yansa ne ko jikokinsa. Halal ne, yana ƙulla zumunta, kuma mafi yawan 'ya'yan da ake haifa ta cikinsa lafiya lau suke. Amma lissafinsa a fili yake. Idan kai kana ɗauke da wata ƙwaya mai kuskure da ba kasafai ake samunta ba, da wuya bare ta zo da irinta, amma 'yar baffanka ko 'yar kawunka, yiwuwar ta gaji irinta daga kakanninku ɗaya ce cikin takwas. Wani bincike da aka yi a kan jarirai fiye da 11,000 a birnin Bradford na Ingila, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa yiwuwar haihuwar ɗa mai wata tawaya ta halitta ta tashi daga kusan 3 cikin 100 zuwa kusan 6 cikin 100 idan ma'aurata 'ya'yan wa da ƙani ne. Ta ninka, amma har yanzu 94 cikin 100 lafiya suke. Saboda haka ba na ce muku ku guje wa 'yan uwanku ba. Cewa nake idan an san akwai wani ciwo da ke maimaita kansa a zuri'a, ɗora aure a kan aure a cikin gida ɗaya ba tare da an ga likita ba ganganci ne.

Kun saba da gwajin jinotaif kafin aure, a maƙwabciyarmu Kano ma an mai da gwajin lafiya kafin aure doka a 2024. Wannan ci gaba ne, amma ku sani jinotaif na sikila ne, AA ɗinka ba ta cewa komai a kan ƙashi. Gwajin ƙwayoyin gado na irin wannan ciwo yana da tsada, ba kuma ko'ina ake yin sa ba. Abin da ke hannunku kyauta shi ne tambaya. Ku zauna da kakanninku mata da gwaggonninku, su ne ma'ajiyar tarihin gida. Ku ce, "Inna, 'ya'ya nawa kika haifa, nawa suka koma, suna da kwana nawa?" Ku tambayi wane ne a dangi ya yi ta karaya yana yaro, wane ne ya kurumce bai tsufa ba, wane ne aka haifa da ƙafafu a lanƙwashe, wane ne ya faɗi ya mutu farat ɗaya yana saurayi. Ku rubuta. Da farko za a ce muku, "Tone-tonen me kake yi?" Ku yi haƙuri ku sake komawa da goro. Idan kun ga abu ɗaya ya fito sau biyu ko uku, ku kai wa likita takardar kafin a sa rana, domin magana ta fi sauƙi kafin a kai kayan lefe. Ke ma 'yar uwa, kina da haƙƙin ki yi wannan tambaya a kan gidan da za a kai ki.

Ku kuma samari, akwai wani zalunci da nake roƙon kada ya biyo ta hannunku. Idan aka haifi irin wannan yaro, matar ake fara kallo. A ce jininta ne ba kyau, a ce tana da farar ƙafa, a zuga miji ya sake ta ko ya ƙaro wata. Kun dai ji yadda gadon yake tafiya: ko daga uba, ko daga uwa, ko daga su biyun daidai wa daida, ko kuma ba daga kowa ba. Mace ta yi wata tara, ta yi naƙuda, tana kwana zaune da yaron da ko juya shi ba ta iya yi sai ya tsala ihu, sannan a ƙara mata da gori. Idan ƙaddara ta kawo wannan gidanka, kai ne za ka tsaya tsakaninta da bakin dangi, ko da mahaifiyarka ce ke magana, cikin girmamawa ka ce, "Hajiya, likita ya yi mana bayani, ba laifin kowa ba ne."

Bari in shiga ɗakin mai jego, domin a nan ake yin ɓarnar da ba a yi niyya ba. Kun san yadda tsofaffi ke wankan jariri: a gasa masa jiki da tsumma, a kama hannuwa a haɗe su ta baya, a lanƙwasa ƙafafu, a miƙe su, a kama shi ta ƙafa a girgiza, a cilla sama a cafe, wai don jikinsa ya yi ƙwari. Ga jariri mai OI, kowane ɗaya daga cikin waɗannan karaya ce. Ba a ɗaga shi ta hammata, domin yatsu na danne haƙarƙari. Ba a kama idon sawunsa a ɗaga idan za a sauya masa ƙunzugu, hannu ake zurawa ƙarƙashin ɗuwawunsa. Idan za a ɗauke shi, a buɗe yatsu, tafin hannu ɗaya ƙarƙashin kai da kafaɗu, ɗayan ƙarƙashin ƙugu, a ɗago shi gaba ɗaya a hankali. Riga a sa masa mai faɗi, mai buɗewa ta gaba, kada a murɗe hannu wajen zurawa. Goyo da ɗaure zani tamau sai an tambayi likita, kuma ba a ba ƙananan yara shi su yi wasa da shi. Duk da haka kada tsoro ya sa a daina taɓa shi. Yana bukatar ƙirjin uwarsa da nononta kamar kowane jariri, kuma ko an bi duk ƙa'ida wata rana zai karye, wanda ke riƙe da shi a lokacin kada a tsangwame shi.

Masu ɗori mutanenmu ne, sana'ar gado suke yi, sun kuma taimaki jama'a da yawa a inda asibiti ya yi nisa. Amma aikinsu ja ne da murzawa da ɗaure kara, kuma ƙashin da ke karyewa wurin wanka ba zai jure ja ba. Ana gyara wuri ɗaya wani na tsagewa. Ɗauri idan ya matse yana tare jini, yatsu su kumbura su yi sanyi su yi baƙi, kuma likitocin ƙashi a Arewa sun sha yanke hannun yaro saboda haka. Akwai kuma illar da ba a gani: ƙashin da aka daɗe ba a motsa shi ba ƙara yin rauni yake, shi ya sa likitocin da suka san OI ke sa ɗauri marar nauyi na ɗan lokaci, su hanzarta mai da yaro ga motsi. Ƙa'idar da nake so ku riƙe ita ce: yaron da ya karye ba tare da faɗuwar kirki ba, ko ya karye karo na biyu, ko jaririn da ke ihu duk lokacin da aka taɓa wata gaɓa tasa, asibiti za a nufa a ɗauki hoton ƙashi kafin kowa ya ja shi.

A cikin birnin nan akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, akwai Asibitin Janar Amadi Rimi, akwai asibitin mata da yara na Turai Yar'adua. Ku nemi ganin likitan yara ko likitan ƙashi, idan abin ya bukaci gaba su za su tura ku Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Ku tafi da duk tsofaffin hotunan ƙashi da takardar tarihin dangin nan da kuka rubuta. Amfanin zuwa shi ne a tantance, domin ba kowace lanƙwasar ƙafa ce OI ba. Akwai ƙafar baka da gwame da ƙarancin kalsiyam a abinci ke kawowa, wanda bincike a Jos ya nuna ana warkar da shi da kalsiyam. Akwai ciwon ƙashi na sikila. Akwai kuma yaron da dukansa ake yi a ɓoye, wanda shi ma ceto yake bukata. Likita ne zai raba waɗannan, kuma rabawar na iya wanke wadda ake zargi ba ta ji ba ta gani ba. Mai ciki ma ta riƙe awo, domin sikanin kan nuna nau'i mai tsanani tun kafin haihuwa, a shirya yadda za a karɓi jaririn.

Har yau ba a sami maganin da ke kawar da OI ba, kuma duk wanda ya ce muku yana da garin magani ko kwalbar da ke sauya shi, kuɗinku yake so. Amma akwai abin yi. A 1998 Francis Glorieux da abokan aikinsa a Montreal ta Kanada suka nuna cewa wani magani mai suna famiduronet, da ake sawa ta ƙarin ruwa bayan 'yan watanni, yana ƙara wa ƙashin yaran nan kauri, ya rage ciwo da yawan karaya. Yau shi da danginsa ake amfani da su a ƙasashe da yawa. Akwai tiyatar da ake zura siririn ƙarfe cikin ƙashin cinya ko ƙwauri don ya miƙe, har da irin wanda ke ƙara tsawo yayin da yaro ke girma. Akwai gashin ƙashi da motsa jiki a cikin ruwa, da kula da haƙora, da gwajin ji lokaci-lokaci.

Na ce zan dawo kan hankali. Babban abin da ke kashe rayuwar yaran nan a wurinmu ɗaki ne. A kwantar da yaro a ƙuryar ɗaki don kada ya karye ko don kada a gan shi, ƙannensa su wuce Islamiyya da boko, shi yana jin muryarsu. Ko kuma a ɗora shi a baro a kai shi bakin danja yana bara. Alhali ƙwaƙwalwarsa garau take. Michel Petrucciani na Faransa, mai OI, wanda ya rasu a 1999, tsawonsa bai kai mita guda da kirki ba, ya karye ba adadi, amma ya zama ɗaya daga cikin shahararrun makaɗan fiyano na zamaninsa. Stella Young ta Ostareliya, ita ma mai OI, a keken guragu ta yi aikin jarida har duniya ta san ta. A nan gida, a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa masu bukata ta musamman bambanci, ta kuma ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare. Doka ba ta tura keke. Ku ne za ku je ku ga hedimasta, ku roƙi a ba shi aji na ƙasa da kujerar gaba, ku yi wa 'yan ajinsa bayani kada a ture shi. Garin da ya yi Kwalejin Katsina da hasumiyar Gobarau bai kamata a ce yana da yaro mai basira da aka hana allo saboda ƙashinsa ba.

OI yana da 'yan uwa. Akwai ciwon Marfan, wanda wani furotin dabam ne ke samun matsala, mai shi kan yi tsawo da dogayen yatsu da raunin gani, kuma haɗarinsa yana babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Akwai Ehlers-Danlos, mai sa fata ta riƙa talewa, gaɓɓai su riƙa gocewa. Duk hanyarsu ɗaya ce da wadda na faɗa: a san tarihin gida, a ga likita da wuri.

To ƙannena, aikin da na ba ku ba mai yawa ba ne. A wannan makon ku zauna da dattijuwar gidanku ku rubuta tarihin lafiyar zuri'arku. Idan akwai yaron da ake ɓoyewa a layinku, ku shiga ku gaishe da iyayensa, ku yi musu tayin rakiya asibiti. Idan aka ce ɗan ruwa ne a gabanku, ku faɗi abin da kuka sani cikin ladabi, ko da za a ce kun cika iyayi. Yarda da ƙaddara wajibi ne, neman magani ma addini ya yi umarni da shi, kuma ba su taɓa cin karo ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa iyayensu haƙuri, Ya ba ku abokan zama na gari da zuri'a mai albarka.